Matambayi ba ya ɓata, in ya iya tambaya

Shekaru kaɗan da suka wuce, ma'aikatar da nake yi wa aiki ta tura mu, mu huɗu, zuwa baje kolin kayayyaki na birnin Guangzhou da ke ƙasar Sin, wanda aka fara tun 1957, kuma ake buɗe shi sau biyu a shekara, cikin Afrilu da cikin Oktoba. Kamfanin shirya tafiye-tafiyen da ma'aikatarmu ke hulɗa da shi ya aiko mana da takarda, ga sunayenmu, ga ranar tashi, ga lambar jirgi, komai tsaf. Muka yi sallama da iyali, muka isa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da jakunkunanmu. Sai da muka kai gaban teburin tantance fasinjoji sannan ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ɗago kai ta ce biyu daga cikinmu ba su da tikiti. Gurbi kawai aka kama masu, ba a biya kuɗi ba, kuma wa'adin gurbin ya riga ya ƙare. Ina ɗaya daga cikin biyun. Muka kira ejan, wayarsa a kashe. Sai bayan kwana biyu muka tashi, da tikitin da ya fi na farko tsada, muka tarar kashin farko na baje kolin, wanda a cikinsa ake nuna injunan da aka tura mu dubawa, ya kusa watsewa.

Ranar da na koma ofis, shugaban sashenmu ya tare ni a baranda ya ce, "Malam, an dawo lafiya? Yaya hanya?" Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, Alhamdulillahi." Kuma ban yi ƙarya ba, domin a wurin Bahaushe wannan tambaya amsa ɗaya gare ta. Da shekara ta ƙare aka raba mana wani fom don a ji ra'ayinmu game da kamfanin, muka cike, aka tattara, aka kai wa hukumar gudanarwa rahoton cewa ma'aikata sun gamsu, aka sabunta masa kwangila. Wannan ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau. Ma'aikatu da kamfanoni da ƙungiyoyinmu na kashe maƙudan kuɗi a kan tafiye-tafiyen aiki ta hannun ejan-ejan, amma ƙalilan ne suka san ko aikin da ake yi masu ya kai kuɗin da suke biya, saboda ko dai ba sa tambayar matafiyan, ko kuma suna tambayarsu ta hanyar da ba za ta taɓa fito da gaskiya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kira ne a yi watsi da ejan. Hasali ma sana'arsa daɗaɗɗiya ce a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro ba su taɓa kama hanya ba tare da madugu ba, wanda ya san zango, ya san mashaya, ya san sarakunan da za a biya kuɗin fito a ƙasarsu. In an isa kasuwa irin ta Salaga kuwa, akwai mai masauki da zai sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya karɓi la'adarsa. Abin da ya sauya shi ne jirgin sama ya maye gurbin jaki, biza ta maye gurbin kuɗin fito. Amma akwai wani abu da magabatan suka fi mu: madugun da ya ɓatar da ayari, ko mai masaukin da ya ci amanar baƙo, labarinsa zai riga shi isa kowane zango, kuma baɗi ba zai ga kowa ba. Mu kuwa a yau, ejan zai bar mutum a filin jirgi, a sabunta masa kwangila.

Amfanin ejan na ƙwarai yakan bayyana ne ranar da al'amura suka rikice. A watan Maris na 2017 an rufe filin jirgin sama na Abuja har tsawon mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da zirga-zirga zuwa Kaduna, kuma akasarin kamfanonin jiragen ƙasashen waje suka ƙi sauka can. Duk wanda yake da taro a Turai a wancan lokaci sai da aka sake tsara masa hanya. Haka kuma daga 2022 kuɗin tikitin da kamfanonin jiragen waje suka sayar a Nijeriya suka maƙale saboda ƙarancin dala, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce sun kai dala miliyan 850 a watan Yuni na 2023. Kamfanoni da dama suka janye tikitocinsu masu rahusa daga kasuwar Nijeriya, kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar nan a ƙarshen Oktoba na 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba na 2024, ga kuma dakatar da bai wa 'yan Nijeriya bizar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka yi a tsakanin waɗannan shekaru. A irin wannan yanayi, ɗan kasuwar Kantin Kwari ko jami'in banki da ke da ejan masani, wanda ke bibiyar abin da ke gudana kuma yake ɗaga waya da tsakar dare, ya tsira daga asarar da ta faɗa wa wasu. Sayen tikiti ta intanet abu ne mai sauƙi a ranar da komai ke tafiya daidai, amma idan jirgi ya fasa tashi kana baƙuwar ƙasa, mutum kake bukata wanda ya san sunanka.

Sai dai akwai abubuwan da ya kamata duk mai tafiya ya sani, ko da ba shi ke biyan kuɗin ba. Na farko shi ne wanda na koya da tsada: kama gurbi daban, yankar tikiti daban. Takardar gurbi na ɗauke da wata gajeriyar lamba mai haruffa da alƙaluma shida, kuma tana iya mutuwa in ba a biya ba cikin wa'adi. Tikiti na haƙiƙa kuwa yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na nuna kamfanin jirgin. Tun da IATA ta daina amfani da tikitin takarda a 2008, wannan lamba ita ce shaidar matafiyi, kuma yana iya shiga shafin kamfanin jirgin ya tabbatar da ita kafin ya bar gida. Na biyu, a tambayi ejan ko yana da rajista da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ko yana da amincewar IATA ta yankar tikiti da kansa, ko kuwa ta hannun wani babban kamfani yake yanka, da kuma ko yana cikin ƙungiyar masu wannan sana'a, NANTA. In tafiyar ta haɗa da Umara, a nemi lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Na uku, a san ta inda yake cin abinci. A da kamfanonin jirage ne ke biyan ejan kamasho a kan kowane tikiti, amma manyan kamfanonin Amurka sun daina hakan tun 2002, kuma a sauran wurare ma kamashon ya ragu ƙwarai. Saboda haka ejan na rayuwa ne da kuɗin hidima, wanda halalinsa ne, muddin ya rubuta shi a fili a rasit, daban da kuɗin tikiti da haraji. Na huɗu, tikiti mafi araha sau da yawa ba a sauya masa rana sai da tara mai nauyi, ko kuma ba a mayar da kuɗinsa sam, alhali tafiyar aiki ba ta rasa ɗage taro. Araha ba ta ado.

To, ina matsalar take? Tana nan ne a yadda aka raba aikin. Wanda ke zaɓen ejan ba shi ke tafiya ba, wanda ke tafiya ba shi ke biya ba, wanda ke biya kuma, wato akanta, rasit kawai yake gani. Ga shi a yawancin ofisoshinmu ba a zaɓen ejan ta hanyar gasa, sai dai a ce wane ɗan'uwan wane ne, ko abokin karatun Manaja ne, ko surukin Darakta ne. Kuma ejan mai wayo ya san wanda zai kyautata wa. Tafiyar shugaba ba ta taɓa samun tangarɗa, a kai masa fasfo har gida, a tare shi a filin jirgi. Ƙaramin ma'aikaci ne ake bari ya kwana a kan benci a filin jirgin wata ƙasa yana jiran jirgi na gaba. Idan shugaba ya ce shi dai bai taɓa ganin aibin kamfanin nan ba, gaskiya ya faɗa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hanya ɗaya ce za ta kai labarin matafiyi kunnen mai yanke hukunci, ita ce a tambaye shi, a rubuce, cikin tsari.

Nan ne kuma muke faɗawa rami na biyu. Har yanzu ina tuna fom ɗin da aka ba mu. A samansa an ce a rubuta suna da sashe da lambar ma'aikaci. Tambaya ta farko ta ce: shin ka gamsu da kyakkyawar hidimar da kamfanin ke yi mana? Ta biyu ta ce: shin tikiti da masauki da mota suna zuwa a kan lokaci kuma da farashi mai sauƙi? Amsoshin da aka tanada su ne: madalla, da kyau ƙwarai, da kyau. Sakataren wanda ya kawo ejan ɗin shi ne ya raba takardun, shi ne kuma ya karɓa. Don Allah wane ma'aikaci ne mai neman ƙarin girma zai rubuta sunansa a kan takarda, sannan ya soki surukin Darakta? Irin wannan fom ya fi rashinsa illa, domin kafin a yi shi ana iya cewa ba a sani ba, bayan an yi shi kuwa an samu takardar shaidar da za a kare ɓarna da ita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tsara tambayoyin bincike ilimi ne mai zaman kansa, kuma masu shi sun koye shi ne daga kurakurai. A 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta aika da takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10 game da zaɓen shugaban ƙasa, aka mayar mata da sama da miliyan 2, ta yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo yawancin sunayen ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, ga shi kuma waɗanda suka ga damar mayar da amsa ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba. George Gallup, wanda ya tambayi mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba amma ya kula da zaɓensu, shi ya faɗi wanda zai ci. Darasin shi ne yawan takardu ba ya gyara kuskuren wanda aka tambaya. Bayan haka, a farkon shekarun 1940, masu bincike a can Amurka suka yi wa rukuni biyu na jama'a tambaya ɗaya da lafazi biyu: aka tambayi wasu ko ya kamata a ƙyale jawaban da ke sukar dimokuraɗiyya, wasu kuma ko ya kamata a hana su. Waɗanda suka ce kada a ƙyale sun fi waɗanda suka ce a hana yawa da tazara mai faɗi, alhali ma'anar ɗaya ce. Kalma guda ta juya sakamako. In haka ta faru da "ƙyale" da "hana", ina ga tambayar da tun farko ta kira hidimar "kyakkyawa"?

Mu kuma muna da ƙarin nauyi, wato kunya da kara. Tarbiyyarmu ta hana mu kushe mutum a gaban jama'a, ta koya mana cewa wanda ya dawo gida lafiya godiya ce ta kamace shi, kuma da yawanmu na jin tsoron a ce su ne sanadin toshe wa wani hanyar abinci. Waɗannan halaye ne na kirki, amma mai tsara tambaya dole ya san da su, ya kewaye su. Dabarar ita ce a daina tambayar mutum yadda ya ji, a tambaye shi abin da ya faru. Wanda ba zai iya cewa "ban gamsu ba" zai iya faɗin cewa lambar tikitinsa ta iso masa ana gobe tafiya. Saboda haka a tambaya: kwana nawa kafin tashi ka samu lambar tikiti? Da ka isa otal, ka tarar an kama maka ɗaki? Ka biya wani kuɗi daga aljihunka wanda ya kamata a ce an riga an biya, kuma nawa ne? Ka kira ejan a lokacin tafiyar? In ka kira, bayan wane lokaci ya amsa? An gaya maka tun kafin ka tashi ko ƙasar da za ka ya da zango tana bukatar biza, ko katin rigakafin shawara, ko fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida? Amsoshin waɗannan tambayoyi ba zagi ba ne, labari ne, kuma ana iya gwada su da rasit da saƙonnin da ke ofis.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Kowace tambaya ta tsaya a kan abu ɗaya, domin wanda tikitinsa ya zo da wuri amma ya rasa masauki ba shi da amsar da zai bai wa tambayar da ta haɗa su. In za a nemi ra'ayi, a yi amfani da ma'auni mai matakai biyar irin wanda Rensis Likert ya fito da shi a 1932, mai rinjaye daidai a ɓangarorin biyu, biyu na yabo, biyu na suka, ɗaya a tsakiya, sannan a ware gurbin "bai shafe ni ba" don wanda bai yi amfani da wannan hidima ba. Kada a nemi suna, kuma kada a nemi bayanan da za su tona mai amsa ko ba suna, domin in mace ɗaya ce a sashen shari'a, tambayar jinsi da sashe ta riga ta faɗi sunanta. A ba da takardar cikin mako guda da dawowa, tun abin bai shige wa mutum ba, maimakon a jira ƙarshen shekara. Ta kasance gajeriya, tambaya goma ko ƙasa da haka, wadda za a cike kafin shayi ya huce. A bar tambaya guda a ƙarshe wadda mutum zai rubuta abin da yake so da kalmominsa. In akwai waɗanda Hausa ta fi zauna masu, a fassara, sannan a ba wani dabam ya mayar da fassarar zuwa Turanci a ga ko ma'anar ba ta zame ba. Kafin a raba wa kowa, a gwada ta a kan mutum biyar ko shida, a zauna da su a ji yadda suka fahimci kowace tambaya. Wanda zai tattara kuma kada ya zama wanda ya kawo ejan.

Sai batun wanda za a tambaya, inda mujallar nan ta Amurka ta faɗi. A tambayi kowa da ya yi tafiya, babba da ƙarami, har da direban da aka tura Legas karɓo mota. Mafi muhimmanci, a tambayi wanda aka shirya wa tafiya amma bai samu tafiya ba, saboda biza ba ta fito ba ko tikiti ya mutu, domin in waɗanda suka je suka dawo kaɗai aka tambaya, an bar wanda ya fi kowa cutuwa a waje. A tambayi mata daban game da lokacin saukar jirgi da unguwar da aka kama masu otal, abin da sau da yawa maza ba sa lura da shi. A kuma lura da yawan waɗanda ba su mayar da takarda ba, don a wurinmu shiru ma magana ce.

Daga baya an ɗora mini alhakin sake tsara fom ɗin ofishinmu, kuma abin da ya fito ya ba ni kunya ni kaina. Gaskiya ne an samu sakaci daga ejan, musamman rashin ɗaga waya bayan an tashi aiki da kuma cusa kuɗin hidima cikin kuɗin tikiti. Amma da muka jera ranakun da ma'aikata suka rubuta kusa da ranakun da ke cikin fayil, sai ga shi a lokuta da dama laifin namu ne. Takardar amincewa da tafiya takan kwana a teburin shugaba har sai saura kwana uku, kuɗi kuma ba ya fita daga ofishin akanta sai wa'adin gurbi ya wuce, ga tsofaffin basussukan da ejan ke bin mu na watanni. Har tikitina na Guangzhou, ashe rabin laifin a gidanmu yake. Da ba mu yi tambayar da kyau ba, da ko dai mun ci gaba da yabon ejan a banza, ko kuma mun kore shi mun ɗauko wani, mu sake jefa shi cikin halin da muka jefa na farko. Tambaya mai kyau adalci ce ga kowane ɓangare. Muka zauna da shi, muka rubuta yarjejeniya: mu za mu ba da sanarwa da wuri kuma mu biya cikin wa'adi, shi kuma zai aiko da lambar tikiti, ya rarrabe kuɗaɗe a rasit, ya ba da lambar wayar da ake samu dare da rana. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai an ba shi ladan tukuna.

Kirana ga shugabannin ma'aikatu da kamfanoni da jami'o'i da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Arewa shi ne su ɗauki kuɗin tafiye-tafiye a matsayin amana, ko na gwamnati ne ko na masu hannun jari. Kada a sabunta wa kowane ejan kwangila sai an ji daga bakin waɗanda suka bi ta hannunsa, kuma kada a yarda da rahoton "kowa ya gamsu" sai an ga tambayoyin da aka yi da waɗanda aka yi wa. In an tattara amsoshi, a sanar da ma'aikata abin da aka gano da matakin da aka ɗauka, domin wanda ya cike fom sau biyu bai ga canji ba, a karo na uku "lafiya lau" zai rubuta. Mu kuma matafiya, mu bar wa gaisuwa amsarta a baranda, amma in takarda ta zo mu rubuta abin da ya faru, saboda ɗan'uwan da zai bi wannan hanya bayanmu.

Allah Ya kai mu inda za mu lafiya, Ya dawo da mu ga iyalanmu lafiya, Ya kuma ba mu ikon riƙe amana.